An Buge Min Mota, Mai Laifin Ba Shi Da Inshora: Wa Zai Biya Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tsaye a danja wani ya daki motata ta baya, ya lotsa but, ya fasa fitilu. Da muka je wurin 'yan sanda sai aka gano takardar inshorarsa ta jabu ce. Ni kuwa ina da inshorar naira 15,000 mai kyau. Kamfanina zai gyara min? Kuma idan na tashi sabuntawa, in sayi cikakkiyar inshora? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kamfaninka ba zai biya ka ko sisi ba, kuma bai zalunce ka ba. Inshorar da ke hannunka ita ce ta dole, aikinta kuwa ta biya wanda KAI ka yi wa ɓarna. Tun farkon 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da mutumin nan na da ta gaskiya, da kamfaninsa ne zai ɗauki gyaranka.

Tunda babu, nauyin na wuyansa. Rashin inshora ba ya sauke masa alhaki, laifi ne ma na daban. To amma hakki daban, karɓo shi daban. Na san yadda abin ke tafiya a wurinmu: 'yan uwansa za su zo da dattawa, a yi ta "a yi haƙuri, ƙaddara ce". Sulhu alheri ne, ban hana ka ba, sai dai kada ka yarda da alkawarin baka. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka adana hotunan motocin biyu, mai gyaran jiki ya rubuta maka ƙiyasin kuɗin aiki. Sannan a rubuta yarjejeniya: nawa zai biya, a wace rana, da sa hannun shaidu. In ya saɓa, da wannan takardar za ka tunkari kotu.

Shi ma wataƙila cutarsa aka yi, domin masu irin wannan takarda da yawa a hannun 'yan kamasho suka saya a bakin ofishin lasisi. Kai ma ka sa lambar motarka a shafin askniid.org, inda ake duba inshorar gaskiya, ka tabbatar taka na ciki.

Batun cikakkiyar inshora kuwa, ita ce ke gyara motarka ko mai laifin na da inshora ko babu, ko ma ya tsere. Daga baya kamfanin ya bi shi da kansa. Tana haɗawa da sata da gobara. Kuɗinta ba ya yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato motar miliyan 8 za ta ci naira 400,000 a shekara. Idan da motar kake neman abinci, ko bashi ka ci ka saya, ka daure ka yi. Idan tsohuwa ce da za ka iya gyarawa daga aljihu, ban ga dalili ba. Kafin ka biya, ka tambaye su nawa ne kason da za ka riƙa cikawa da kanka a kowane gyara, don a nan rigima ke yawan tashi.

Tambaya: Ina son cikakkiyar inshora amma zuciyata ba ta kwanta da halaccinta ba. Akwai mafita? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Akwai, Hajiya. Ki nemi takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, inda mahalarta ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta afka wa, in an samu rara a raba musu. Noor Takaful da Jaiz Takaful duk suna da lasisin NAICOM, kuma suna yin ta dole da cikakkiyar. Ki karɓi farashin duka biyun ki kwatanta kafin ki zaɓa.