Hita a bokiti, fitila a kwamin ninƙaya: wanne za a saya?

Tambaya: Hunturu ya shigo, yara ba sa wanka sai da ruwan zafi. Hitar da ake tsomawa a bokiti nake amfani da ita, maigida kuma ya ce a sayi ta jikin bango. Ni dai kuɗin ne nake gani da yawa. Ya zan yi? (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Hajiya, maigida yana da gaskiya, sai dai akwai abin da ya kamata ku fara saya kafin hitar.

Ita hitar bokiti, wayar da ke ɗaukar zafi tana cikin bututun ƙarfe ne. Da zarar bututun ya tsage, wanda yakan faru idan an kunna ta ba ruwa, wutar bolt 230 za ta bi cikin ruwan, kuma ba alamar da ido zai gani. Yaro ya zo ƙafa a jiƙe, ya tsaya kan siminti, ya sa yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta. Wutar da ba ta kai miliyam (mA) 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na amp, tana iya hargitsa bugun zuciya.

Mutane da yawa sun dogara da bireka ko fis ɗin gida. Bireka mai amp 16 ko 32 waya take karewa kada ta kama da wuta. Kafin ta faɗi, mutum ya riga ya mutu. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar yanke wuta da ake kira RCD, masu shago kuma sukan ce ELCB. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ya ga wata ta zurare ta wata hanya sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Ki sa maigida ya duba rubutun jikin RCD ɗin da kansa: 30mA ake so. Mai 100mA ko 300mA don gobara aka yi shi, kada mai shago ya ce duk ɗaya ne. Akwai madanni a jikinsa mai harafin T, a riƙa dannawa lokaci-lokaci. In bai faɗi ba, ya lalace.

Kafin kuɗin hitar bango su samu, a zare filogi daga soket kafin a taɓa ruwan. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, don akwai gidajen da aka juya musu waya.

Tambaya: Ina gina ƙaramin kwamin ninƙaya a gida. Ɗan kwangila ya kawo fitilun cikin ruwa iri biyu, mai bolt 230 da mai bolt 12 da ke buƙatar taransifoma. Na farkon ya fi araha. (Wani magidanci daga Kaduna)

Amsa: Alhaji, mai bolt 12 za ka ɗauka, a ga IP68 (alamar ruwa ba ya shiga ciki) rubuce a jikinsa, taransifomar kuma a busasshen ɗaki nesa da ruwa. Ɗan kwangilar da ya kawo maka mai 230 ma, ni da zan ƙara sa masa ido a sauran aikin.

Soket ya yi nisan aƙalla mita 3.5 daga bakin kwamin. Injin tura ruwa ya bi ta RCD, tsanin ƙarfe da duk wani ƙarfe na kusa a haɗa su da wayar ƙasa. Ka nemi mai aikin wuta da ke da shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai sa ido kan ingancin aikin wuta, ya gwada da na'urarsa a kan wutar NEPA, ya sake gwadawa a kan janareta da inbata, domin janaretan da ba a haɗa shi da ƙasa daidai ba yana iya hana RCD aiki.

Ka gaya wa mutanen gida: wanda ya ji tsikari a jiki cikin ruwa ya fito nan take, ba ta tsanin ƙarfe ba. In aka ga wani ya sandare, kada kowa ya faɗa ciki. A fara kashe wuta daga babban makunni, a miƙa masa busasshiyar gora, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware.