Da gaske ana yin yadi da gora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Kura. Na ga singileti da safa a Kantin Kwari, mai shagon ya ce da gora aka yi su, wai ba sa riƙe warin gumi. Gorar da muke yin sanda da ita? Masaƙanmu za su iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gora aka fara, amma kafin ta zama zare ta sha wuya har ba za ka gane ta ba. A masana'antu, galibi a ƙasar Sin, ana niƙa ta, a jiƙa cikin sodar da ake yin sabulu da ita, a ƙara wani sinadari mai guba, kabon daisalfaid, har ta narke ta yi kauri. Sai a matso ta ta ƙananan huji zuwa cikin asid irin na ruwan batir, nan take ta daskare ta zama zare. Sunan wannan zare biskos ko reyon, kuma da wasu itatuwan ma ana yinsa. Laushin da hannunka ya ji daga aikin sinadari ya fito.

Maganar rashin riƙe warin gumi kuwa, wai don yadin yana kashe ƙwayoyin cuta, kada ka biya kuɗi a kanta. A 2022 Walmart, wani babban kamfanin kantuna, ta biya tarar dala miliyan 3 a Amurka saboda tallata reyon da sunan gora, hukumar kasuwancin can kuma ta daɗe tana cewa babu hujjar wannan siffa tana saura bayan narkarwa.

Yadin dai ba laifi a zafin bazara: yana tsotse gumi, yana da sanyi a jiki, yana karɓar rini. Rauninsa ruwa. In ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa, don haka ban da murɗa shi da ƙarfi wajen wanki. Kai da ke ɗinki, wanke shi kafin ka sa almakashi, domin yana tsukewa. In kana zargin an haɗa da roba, zare ɗan zare ka ƙyasta ashana: biskos na cinyewa ya bar toka mai laushi, na roba ya narke ya dunƙule.

Masaƙanmu fa? Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba, a daddaka gora a jiƙa a tsefe zaren, kusan yadda ake fitar da igiyar rama. Zaren na fitowa da kaushi, aikin na cin lokaci, kuɗin ba ya fita. Mai saƙa a ƙasar Kano, audugarsa ta fi masa riba.