Gwanjon intanet: me ya sa ake ƙwace mini kaya a daƙiƙar ƙarshe?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Watanni kaɗan ke nan da na fara shiga gwanjon da ake yi a intanet, kuma abubuwa uku sun ɗaure mini kai. Sau uku ina kan gaba a tayin wata kyamara har saura 'yan daƙiƙoƙi a rufe, sai wani ya zo ya ɗara ni da abin da bai taka kara ya karya ba, ya tafi da kayan. A karo na huɗu na yi nasara, amma da aka haɗa lissafi sai na tarar abin da na biya ya zarce abin da na taya nesa ba kusa ba. Yanzu kuma na sa tsohuwar kyamarata a gwanjo, sai wani ya aiko mini da saƙo cewa in janye ta, zai biya ni kai tsaye fiye da abin da ake tayawa. Shin ha'intata ake yi, ko kuwa ni ne ban fahimci tsarin ba?

Amsa: Malam, barka kadai, na kuma gode da ka zayyana abin dalla-dalla. A abu na farko babu wanda ya ha'ince ka. A na biyu lissafinka ne bai cika ba. Na ukun shi ne wanda nake ji maka tsoro, kuma ina roƙon kada ka amsa wa mai saƙon nan kafin ka karanta wannan bayani har ƙarshensa.

Mu fara da wanda ya ɗara ka da kaɗan, domin akwai kuskuren fahimta a nan wanda kusan kowane sabon shiga yake yi. A eBay, shafin gwanjon intanet da Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a shekarar 1995, da sauran shafukan da suka bi sahunsa, adadin da ka rubuta a gurbin tayi ba shi ake nuna wa jama'a ba. Shafin yana ɗaukarsa a matsayin iyakarka, ya ɓoye shi, sannan ya riƙa taya maka kayan da kansa da mafi ƙarancin abin da zai bar ka a gaba. A ce kayan yana kan 50, kai kuma ka rubuta 100. Abin da zai bayyana shi ne 51 ko makamancin haka. Idan wani ya rubuta 70, nan take na'ura za ta ɗaga naka zuwa ɗan sama da 70 ba tare da ka taɓa komai ba. Idan kuwa wani ya zo ya rubuta 160, zai karɓe kayan a ɗan sama da 100, wato taki ɗaya a kan iyakarka. Kai sai ka ga kamar da kaɗan aka kayar da kai, alhali tsakanin iyakarka da tasa akwai tazarar 60 wadda ba za ka taɓa gani ba. Saboda haka cizon yatsan da kake yi na cewa da ka ƙara kaɗan da ka samu, sau da yawa ba shi da tushe.

Wannan tsari yana da dangantaka da abin da masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayani a 1961, wato gwanjon da mai tayi mafi girma yake ɗaukar kaya amma ya biya gwargwadon tayin wanda ke biye masa. Fa'idar da ke cikinsa ga mai saye ita ce, faɗin iyakarka ta gaskiya ba ya sa ka biya ta duka, sai in har wani ya matso kusa da ita. Wanda yake ƙara tayi kaɗan-kaɗan, yana leƙowa yana komawa, shi ne yake wahalar da kansa, yana kuma sanar da abokan takara cewa kayan ya shiga ransa.

Su kuwa masu zuwa a daƙiƙar ƙarshe, dabara ce sananniya, kuma eBay bai hana ta ba. Masana tattalin arziki Alvin Roth da Axel Ockenfels sun wallafa wani bincike a 2002 inda suka kwatanta eBay, wanda yake rufewa a lokacin da aka yanke ko da ana tsaka da tayi, da gwanjon da Amazon yake gudanarwa a wancan zamani, wanda ba ya rufewa sai an yi minti 10 babu sabon tayi. Sun tarar jinkirta tayi zuwa ƙarshe ya fi yawa ƙwarai a eBay. Dalilin a fili yake: idan ƙofa za ta rufe a ƙayyadadden lokaci, wanda ya shigo ana gab da rufewa ya hana mai ƙari kaɗan-kaɗan damar ramawa. Ka tuna yadda abin ya kasance a gabanka. Agogo yana sauka, saura daƙiƙa 8, sunanka ne a sama, ka fara sakin jiki, sai rubutun ya canza launi ya ce an wuce ka, kafin yatsanka ya kai ga rubuta sabon adadi an rufe. Da iyakarka ta gaskiya tana ciki tun farko, da na'ura ta kare ka a wannan daƙiƙar ba tare da ka motsa ba, in kuma an wuce ta, to wancan mutumin ya yarda ya biya abin da kai ba ka yarda ba.

Shawarata ita ce ka yi tayi sau ɗaya tak da cikakkiyar iyakarka. Idan kana son ɓoye sha'awarka, ka jinkirta shi zuwa kusa da rufewa, amma ka sani cewa intanet ɗinka yana iya tsinkewa a daidai lokacin, ka tashi a tutar babu. Ka kuma guji adadi mai cikar kai, ka rubuta 103 a maimakon 100, domin mutane da yawa a cikakken adadi suke tsayawa, kuma idan iyaka biyu suka zo daidai, wanda ya riga sakawa shi ake ba kayan. Kafin komai, ka duba ƙa'idar rufewa ta shafin da kake ciki, tunda wasu suna ƙara lokaci duk sa'ad da tayi ya shigo a ƙarshe, kuma a irin waɗannan jinkiri ba ya amfanar kowa.

Game da kuɗin da ya zarce tsammaninka, tayin da ka ci da shi kashi ɗaya ne kawai na abin da za ka biya. Akwai kuɗin aikawa, akwai haraji, idan kayan zai ƙetare iyakar ƙasa akwai kuɗin kwastan, idan da kuɗin wata ƙasa aka yi cinikin akwai abin da banki zai cira wajen canji. Gidajen gwanjo kuma suna ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da aka buga guduma a kansa. Manyan gidajen gwanjo biyu, Christie's da Sotheby's, sun shigo da wannan la'ada a Landan a 1975 a kan kashi 10 cikin 100, kuma a yau a gidaje da yawa ta haura kashi 20. Lissafin da ya dace daga baya ake faro shi: ka yanke jimillar abin da kayan ya cancanta a hannunka, ka cire duk waɗannan kuɗaɗe, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Wajen gano darajar kayan kuwa, kada ka dogara da farashin da masu sayarwa suke nema, ka nemi jerin irinsa da aka riga aka sayar, wanda eBay yake ba da damar tacewa a gani.

Ina dagewa a kan yanke iyaka tun kafin a fara saboda wani abu da injiniyoyin man fetur uku suka bayyana a 1971, bayan sun lura cewa kamfanonin da suke cin gwanjon filayen haƙar mai sukan ƙare da riba ƙasa da yadda suka ƙiyasta. Idan mutane da yawa suna ƙiyasin darajar abu guda, wanda ya ci shi ne wanda ƙiyasinsa ya fi na kowa tsawo, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa yin kuskure. Idan aka haɗa wannan da zafin takara, inda mutum yake jin cewa kayan ya zama nasa tun da ya kwana biyu yana kan gaba, sai ka ga mai hankali ya biya kuɗin sabo a kan tsoho. Ka kuma riƙe cewa tayi alkawari ne. Shafuka ba sa barin a janye shi sai da dalili ƙwaƙƙwara kamar kuskuren rubuta adadi, kuma wanda ya ci ya ƙi biya ana rubuta masa laifi a asusunsa.

Akwai ha'inci na gaske a gwanjo, ba zan ɓoye maka ba. Mafi shahara shi ne tayin bogi, inda mai kaya yake amfani da wani asusu ko wani na kusa da shi yana taya kayansa domin ya tura iyakarka sama. Shafuka sun haramta shi, dokokin ƙasashe da dama ma sun haramta. Alamarsa ita ce asusun da ba shi da tarihin ciniki, wanda kayan mutum ɗaya kawai yake tayawa, yana ƙarawa taki-taki har ya gano iyakarka, sannan ya tsaya ko ya janye. Abin da ka kwatanta bai yi kama da wannan ba, domin ɗan tayin bogi ba ya son ci.

Yanzu ga mai saƙon nan. Kada ka janye kyamarar, kada ka ba shi lambar wayarka ko adireshin imel ɗinka, ka kai rahotonsa ga shafin. Duk kariyar da kake da ita, a matsayin mai sayarwa ko mai saye, ta rataya ne a kan cewa an yi cinikin kuma an biya a cikin shafin, inda akwai shaidar abin da aka faɗa da abin da aka biya. Da zarar kun fita waje, babu mai raba ku gardama. Yadda abin yake tafiya a mafi yawan lokuta shi ne, zai turo maka saƙo mai ɗauke da tambarin PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ko na wani banki yana cewa an biya, amma an riƙe kuɗin sai ka aika kayan ka turo lambar bibiyarsa. Ko kuma ya ce ya biya fiye da ƙima bisa kuskure, ka mayar masa da rarar. Saƙon ƙarya ne, kuɗin kuma ba su taɓa shigowa ba. Shaidar biya guda ɗaya ce: ka buɗe asusunka da kanka, ba ta hanyar latsa abin da aka turo maka ba, ka ga kuɗin a ciki. Ka yi wa kanka tambaya ma, me zai sa wanda yake da damar taya kayan kamar kowa ya zaɓi biyan fiye da abin da ake nema? Irin wannan tarko ana ɗana wa masu saye ma, inda bayan ka faɗi a gwanjo wani zai aiko cewa wanda ya ci ya fasa, ka turo kuɗi a ba ka. eBay yana da tsarin ba wanda ya zo na biyu dama, amma na gaskiyar a cikin asusunka yake bayyana.

Tunda kyamarar tana kan gwanjo, ka koma ka duba tallarta da idon mai saye. Idan akwai ƙarce a jikinta ko ƙura a cikin gilashin, ka kai ta kusa da taga, ka karkata ta yadda haske zai fito da aibin, ka ɗauki hotonsa, ka kuma faɗe shi a rubuce. Yawancin rigingimun da ake yanke wa mai sayarwa hukunci a kansu daga da'awar cewa kaya bai dace da bayaninsa ba suke tasowa, kuma aibin da ka nuna da kanka ba zai zama hujja a kanka ba. Nan gaba, idan akwai farashin da ba za ka iya sallamawa ƙasa da shi ba, gara ka fara gwanjon daga nan da ka sa ɓoyayyen farashi, wato mafi ƙarancin farashin sallamawa da ba a nuna wa masu tayi, domin eBay yana cajin kuɗi a kan ɓoyayyen ko an sayar ko ba a sayar ba, masu saye da yawa kuma suna gudun kayan da ba su san inda mai shi ya tsaya ba. Ka lissafa la'adar shafin ma, wadda ake cirewa daga jimillar abin da mai saye ya biya har da kuɗin aikawa.

Idan an rufe kuma kuɗi sun shigo, ka rubuta lambar da ke jikin kyamarar ka ajiye, ka ɗauki hotonta tana aiki da kuma lokacin da kake naɗe ta, ka cika kwalin yadda in ka girgiza ba za ka ji motsi ba. Ka aika ta hanyar da ke ba da lambar bibiya da sa hannun mai karɓa, zuwa adireshin da ke cikin takardar cinikin kaɗai, ko da mai sayen ya roƙe ka ka canza. Rasit ɗin aikawa kuma ka adana shi har sai wa'adin shigar da ƙorafi na shafin da na kamfanin biyan kuɗi sun wuce.