Sunansa Magaji, shin rawani da gida duk nasa ne?

Tambaya: Malam, mahaifinmu mai unguwa ne a wani gari kusa da Kumo, ya rasu bara. Babban yayanmu, wanda tun yana yaro ake ce masa Magaji, ya ce sunan nan ya riga ya ba shi rawani, gida da gona kuma rawani suke bi. Mu mata huɗu ne da ƙaninmu ɗaya, ga mahaifiyarmu. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Allah Ya jiƙansa, ke kuma 'yar'uwa ki kwantar da hankalinki. Magaji daga gado ya fito: namiji magaji, mace magajiya, jam'i magada. Ana faɗarsa ga wanda ya hau matsayin wani a bayansa, ana kuma faɗarsa ga mai rabo a dukiyar mamaci. Wani lokacin ma sunan sarauta ne kawai. Magajin Garin Sakkwato ba shi ne mai jiran gadon Sarkin Musulmi ba, yana cikin masu zaɓensa ne.

Rawani kuwa naɗawa ake yi. Sarkin Bauchi Rilwanu Sulaimanu Adamu ya gaji mahaifinsa a 2010, Sarkin Gombe Abubakar Shehu Abubakar ya gaji nasa a 2014, amma dukkansu sai da masu zaɓen sarki suka zauna, gwamna ya amince. Balle mai unguwa, wanda maganarsa ke bi ta hannun dagaci da hakimi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "magajin gida". Kullum sai an kawo ta. Babban ɗa ya karɓe makullai, wasu masu guntun karatu su ɗaure masa gindi da cewa al'ada ce, 'yan'uwa mata su yi shiru don kunya, bayan shekaru a wayi gari dillali ya sayar da gonar. Wace al'ada ce ta shafe aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i? Ku ma magada ne, girman shekaru ba ya ƙara wa kowa ko taku ɗaya. Bayan an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, mahaifiyarku tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas. Idan iyayen mamacin ba sa raye, kuma ba wata mata ko wasu 'ya'ya, saura a kasa shi takwas: kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya.

Abu ɗaya ne ake warewa: gonar sarauta da aka ba mahaifinku saboda rawani, ba mallakarsa ba. Wannan tana bin kujera, amma sai an kawo shaidu, ba da faɗar yayanku kaɗai ba.

Kada ki sa hannu ko dangwale a takardar "na yafe" kafin ki san rabonki. Ku fara da dattawan dangi da limami. In ya ƙi, ku kai maganar kotun shari'a ta yankinku da takardun gida da maƙwabtan gona, ku nemi a dakatar da duk wani ciniki har a raba.