Tambaya da Amsa: Wane irin kiɗa ne wannan da ƙanena yake ji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni a nan Jidda aka haife ni amma iyayenmu daga Kano suka zo. Ƙanena ne ɗan shekara 19, rannan zai kai ni Balad siyayya sai ya kunna wani kiɗa a mota, da farko goge ne mai daɗi irin na waƙoƙin Ummu Kulsum da Babanmu yake ji da daddare, har na gyara zama, kawai sai na ji kamar an tayar da janareta a cikin motar, ganguna rututu, wata mata tana jan murya sama kamar za ta tsinke, wani ƙato kuma yana gurnani a ƙasa. Na ce dalla kashe mana, wai sai ya ce ban waye ba, simfonik metal ne. Hajiyarmu dai ta ce kiɗan aljanu ne. Don Allah meye shi, kuma wa ya haɗa goge da wannan hayaniyar? Daga wata 'yar'uwa, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, wallahi sai da na yi dariya da maganar janareta, don ni ma ranar da na fara ji abin da ya zo min kenan. Ki gaishe da Hajiya, ki ce mata mutane ne ba aljanu ba, kuma yawancinsu 'yan ƙasashen sanyi ne, Finlan da Suwidin da Holan.

Shi metal ɗin kansa a Ingila ya tashi, garin Bamingam mai masana'antu, wajen 1968 zuwa 1970. Mai kaɗa jitar ƙungiyar Black Sabbath, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe, kuma a hannun da yake danne tsirkiya da shi. Maimakon ya haƙura sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun 'yar hula, ya koma amfani da tsirkiya marar kauri, daga baya ma ya sassauta ɗaurinta don kar ta dinga yi masa ciwo, to sassautawar nan ta ƙara wa sautin nauyi da duhu. Ki haɗa da na'urar da ake bi da sautin jita ta cikinta ya fito da kaushi, da mai ganga da yake dukan manyan ganguna da ƙafa biyu, shi ne janaretan da kika ji.

Gogen kuma daga okestira ya zo, wato babbar tawagar makaɗan Turawa ta gargajiya, mutum 70 har zuwa 100 a zaune, masu goge ƙanana da manya, masu busa, masu tambura, ga shugaba a tsaye da 'yar sanda yana ba da hannu. Haɗin ya daɗe fa, ba yaran yanzu suka fara ba. Tun a watan Satumba na 1969 ƙungiyar Deep Purple ta hau dandamali da okestira sukutum a zauren Royal Albert Hall na Landan, mai kaɗa musu kibod (wato abin kiɗa na lantarki mai kama da piyano) Jon Lord shi ya rubuta kiɗan. Amma a lokacin kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, wannan ta yi girkinta ta sauke sannan waccan ta ɗora. Sai a shekarun 1990 abin ya zama tukunya ɗaya. Therion na Suwidin sun fitar da kundin Theli a 1996 da mawaƙan amshi irin na ofera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa ana jan murya, a shekarar dai aka kafa Nightwish a wani ƙaramin gari Kitee a Finlan, da Within Temptation a Holan, Epica kuma ta biyo baya a 2002. Matar da kika ji tana jan murya, ina kyautata zaton irin su Tarja Turunen ce ta Nightwish ta farko, wadda makarantar kiɗa ta yi ta koyi waƙar ofera, shi ya sa muryar take fitowa tun daga ciki. Gurnanin ƙaton ma koyonsa ake yi, wanda bai iya ba kwana biyu maƙogwaronsa zai dishe.

Abin da mutane ba su cika lura ba, da farkon nan yawancinsu ba su da kuɗin ɗaukar okestira, ina yaro mai gwaji a garejin gidansu zai samu na biyan mutum 80? Kibod ne kawai yake kwaikwayon goge da ƙaho. Sai da suka yi suna tukuna, kamar Nightwish da suka je Landan suka naɗi kundin Once na 2004 da makaɗa na gaske. Metallica na Amurka kuwa dama suna da hali, a 1999 suka yi wasa da okestirar San Faransisko, Michael Kamen yana riƙe da sanda, suka sake maimaitawa a 2019 da wani shugaban daban.

To me ya sa suka dace da juna? Ni a nawa ganin dukkansu girma suke nema. Ki tuna hawan sallah in kin taɓa zuwa gida, ko a bidiyon da ake turowa a WhatsApp, ga kakaki da algaita suna ta shelar sarauta, ga tambari yana dukan ƙirji, ga 'yan bindiga suna ta sakin wuta, in aka cire ɗaya sai ki ji hawan ya yi salam. Jita mai kaushi ita ke tsuma jini kamar kiɗan 'yan dambe, okestira kuma ita ke sa wa abin alkyabba. Wahalar tana wajen mai haɗa sauti, don jita ta cika tsakiya ta hana kowa wuri, dole a ba goge sama a ba manyan ƙahoni ƙasa, in ba a iya ba sai ya zama dambu. Kuma gaskiya da yawa dambun ne, ni akwai waɗanda minti biyu nake kashewa.

Batun tsoron Hajiya kuma ba zan ce miki babu komai ba. Akwai wani reshe na metal da kalmominsa saɓo ne ƙarara, har da zagin addini, amma waɗannan da na lissafa yawanci tatsuniya suke rerawa, yaƙe-yaƙen da, teku, mutuwa, kaɗaici. Ki ce ya nuna miki sunayen waɗanda yake ji a wayarsa, ku buɗe kalmomin tare ku fassara, minti biyar ya isa ki gane inda ya dosa. Hukuncin kiɗa kuma wannan fagen malamai ne, ga su nan birjik kusa da ku. Abin da zan roƙa dai ya rage ƙarar abin kunne, don ji in ya tafi ba ya dawowa.

Tambaya: Malam ni direba ne a Riyad, wai ana irin wannan wasan a nan Saudiyya ko sai a YouTube?

Amsa: Ɗan'uwa sannu da aiki. Metallica sun zo garinku a watan Disamba na 2023, a bikin Soundstorm, amma su huɗu kawai suka hau, babu okestira. In kana son wanda ya fi kusa da kunnenmu, nemi Myrath 'yan Tunisiya, su suna zuba goge irin na Larabawa da gangarsu ta darbuka a kan jitar, har baitin Larabci sukan jefa. Sai dai ka bari sai ka sauke kafil ɗinka, wato maigidanka, tukuna kafin ka kunna.