Kondo a hawan ƙasa: idan bututu ya toshe, gidan wa ruwan zai shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a Toronto, mun samu kondo, wato gidan da ake saya a cikin benen da mutane da yawa suka mallaka tare, mai ɗaki biyu a hawan ƙasa na wani dogon bene. Kuɗinsa ya fi na sama sauƙi, ga shi surukata da ke tare da mu tana fama da ciwon gwiwa. Sai wata ƙawata ta ce kada mu kuskura, wai ruwan masai kan dawo wa na ƙasa. Gaskiya ne ko tsoratarwa ce kawai? Daga wata mai karatu a Toronto.

Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai maganarta ba ta isa ta hana ku saye ba. Abin da ya kamata ya hana ku, ko ya ba ku ƙarfin gwiwa, shi ne yadda ake kula da bututun wannan ginin.

Da an ce ruwan masai ya dawo, hankalin mutane kan tafi ga ambaliya. Tana faruwa kam. Ran 8 ga Yuli 2013 an auna ruwan sama milimita 126 a filin jirgin Pearson, ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na dubban gidaje, kuma an sake ganin irinsa a Yulin 2024. A tsofaffin unguwannin birnin, ruwan sama da na masai magudana ɗaya suke bi, idan ta cika sai ta tura baya. To amma a dogon bene, garejin ƙarƙashin ƙasa ne ya fi shan wannan. Abin da ya fi cin masu hawan ƙasa daga sama yake zuwa, ko da rana ta take.

Ga yadda abin yake. Kowane layin kicin da banɗaki, daga hawan ƙoli har ƙasa, bututu ɗaya yake zubawa, wanda ke tsaye cikin bango. Idan ya iso ƙasa sai ya lanƙwasa ya kwanta, ya nufi magudanar titi. A wannan lanƙwasar gudun ruwa ke raguwa, nan maiƙo ke daskarewa, nan gashi da tsumman goge jiki da ake jefawa a masai ke maƙalewa. Ranar da hanya ta rufe, na sama ba su da labari, suna ta wanke-wankensu. Ruwan kuwa sai ya taru ya hau, ya nemi mafita mafi kusa: bahon wankanki ko sinkin kicinki. Ki rufe famfonki duka, ba zai tsaya ba, don ba naki ba ne. Idan kuna wurin aiki ko kun tafi gida hutu, kafin a farga ya ratsa falo.

Mu kuma lamarin bai tsaya a asarar kuɗi ba. Najasa ce. Kafet ɗin da ta jiƙa, da katakon daɓe, da gindin bango, yawanci cire su ake yi, kuma ana iya yin makonni ba a zauna a gidan ba. Ki tuna da Hajiya babba da sallarta da alwalarta. (Mu ma da hannunmu a ciki, in za a faɗi gaskiya: ragowar manja da kitsen miya da ake juyewa a sinki, a wuyan na ƙasa suke ƙarewa.)

Wani abin da dillali ba lallai ya gaya miki ba: "na ƙasa" ba lambar hawa ba ce. Idan shaguna ko zauren shiga ne a ƙasa, masu hawa na biyu su ne na ƙarshe a bututun. A wasu gine-ginen kuma an ware wa hawan ƙasa layinsa daban saboda wannan matsalar. Ki sa mai duba gida ya tambayi manajan ginin wanne ne naku.

Sai takardu, nan ne lauyanku zai ci kuɗinsa. A Ontariyo, lardin da Toronto take, dokar kondo ta 1998 ta ba mai son saye damar neman takardar bayanin halin gini. Kuɗinta ba ya wuce dala 100, kuma dole hukumar ginin, wato wadda ke gudanar da shi a madadin masu gidajen, ta bayar cikin kwana 10. Ku sa sharaɗi a tayinku cewa ciniki bai faɗa ba sai lauya ya karanta ta ya gamsu. A cikinta za a ga asusun ajiyar manyan gyare-gyare, da inshorar ginin, da ƙararrakin da ke kotu. Abu biyu nake so ya duba da kyau. Na farko, adadin da ginin ke biya daga aljihunsa kafin inshora ta shigo idan ruwa ya yi ɓarna. A gine-gine da yawa dubun dubatar daloli ne, kuma idan ya yi yawa fiye da kima, alama ce ta cewa an sha yin ɓarnar. Na biyu, ko dokokin ginin sun yarda a ɗora wannan adadin a kan mai gidan da ya lalace ko da ba shi da laifi. Akwai gine-ginen da haka dokarsu take.

Ku nemi mai sayarwa ya karɓo bayanan zaman hukumar ginin, tunda shi yana da haƙƙin gani. Tambayar da za ki yi ta kai tsaye ce: yaushe aka wanke bututun kicin na ƙarshe, kuma duk shekara nawa ake yi? Ginin da ake kula da shi zai ba ki kwanan wata da sunan kamfanin da ya yi aikin. Idan aka fara kame-kame, ni dai da na haƙura.

Ranar da za ki koma duba gidan, buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki, ki shafa katakon ƙasansa ko ya kumbura, ki sansana. Dubi gindin bangon banɗaki ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai. Ki ɗan tsaya shiru a kicin da yamma, lokacin da mutane suka dawo suna girki. Idan sinki na gurnani ko kumfa na tasowa ba ki zuba komai ba, bututun ya fara ƙunci. Maƙwabcin da ke gefe ma zai gaya miki abin da takarda ba ta faɗa ba.

Akwai ƙyauren da ake sa wa bututu, ruwa ya fita amma ba ya dawowa. Yana taimakawa, amma bututun cikin bango na kowa ne, sai da izinin hukumar ginin, kuma shi ma yana son a riƙa buɗewa ana tsabtace shi.

Inshorar ginin ba ta biyan kayan ɗakinku, ba ta biyan ƙarin gyaran da aka yi wa gidan. Taku daban za ku yi, kuma dawowar ruwan masai galibi ƙari ne da sai an nema. Ku tabbatar ta haɗa da kuɗin masauki idan kun tashi, da wancan adadin da ginin zai iya ɗora muku. Ku nemi farashinta kafin ku sa hannu, ku haɗa da kuɗin wata-wata, sannan ku gwada da na hawa na uku ko na huɗu. Tunda akwai lifta, gwiwar Hajiya babba ba za ta san bambanci ba, sai ranar da wuta ta ɗauke.