Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Shin Jiƙo Zai Mayar da SS Ya Zama AA?

Wani saurayi daga Garwa: Likita, ni AS ne, wadda zan aura AA ce. Za mu haifi mai sikila?

A'a, ba za ku haifi SS, wato mai sikila, ba, amma ku sake gwajin a asibiti kafin ɗaurin aure.

Wata uwa daga Kusiri: Ɗana mai shekara 6 SS ne. Mai magani a kasuwa ya ce jiƙonsa zai mayar da shi AA cikin wata uku, in na daina ba shi maganin asibiti.

Baiwar Allah, don Allah kada ki daina. Raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mini yaro idanu sun yi ruwan ɗorawa saboda shawara, ciki a kumbure, saboda irin wannan alkawari. Sikila tana cikin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma harafi ɗaya ne ya sauya cikin kimanin biliyan 3.

Kafin SS ya zama AA sai an gyara wannan harafi, kuma jiƙo ba zai iya ba. Gaskiya ne ana yanka DNA a sake ɗinke shi, amma aikin wasu sinadarai ne da ake kira inzayim, kuma kamar tela suke: sai sun ga alamar alli kafin su sa almakashi. Wanda ake kira Cre, alal misali, ba ya taɓa ko'ina sai wata alama mai haruffa 34. Yakan kama wurare biyu masu wannan alama, ya haɗa su gab da juna, ya yanka zaren DNA ɗin, ya riƙe bakinsa a jikinsa don kada ya kuɓuce, sannan ya musanya zarurrukan ya ɗinke, ba tare da harafi ɗaya ya ɓata ba. Ruwan sassaƙe da ya shiga ciki bai san wannan alama ba.

Ko maganin sikila mai suna Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023, sai an ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini an yanka DNA ɗinsu a ɗakin bincike, kuma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ki ci gaba da maganin asibiti, ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro. In ya yi zazzaɓi, ki kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Wani uba daga Injamena: An yi wa 'yata mai sikila ƙarin jini, gwajin sikila ya nuna A. Ta warke?

Ba ta warke ba, Malam. Jinin aro ne, zai ƙare cikin 'yan watanni, saboda haka kada ku fasa zuwa asibiti.